Gwiwarka ta Dama, Abba

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa ka buɗe takardar nan bayan ka sauka Abuja lafiya, mota ba ta wahalar da ku ba, kuma masaukin da kamfanin ya ba ku akwai ruwa. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya haɗa ka da abokan zama na kirki. Na cusa ta ne a ƙarƙashin ƙullin yajin da Ummanka ta daka maka, don na san ko ba ka kwance komai ba sai ka nemi yaji. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san bokon nawa na ajin yamma ne, da gemuna na koye shi.

Ba labarin gida zan ba ka ba, yanzu ka baro shi. Magana ɗaya ce, kuma na kasa yi maka ita baki da baki, domin na san halinka. Za ka sunkuyar da kai ka ce, "Ba komai, Baba," ni kuma kunya ta hana ni matsa maka. To ga ta a rubuce: gwiwarka ta dama ba lafiya, kuma na sani.

Mako uku ke nan ina tsayawa kusa da kai a sahu. Da, in za ka yi sujada, zubewa kake yi kamar ba ƙashi a jikinka. Yanzu sai ka fara dafa ƙasa da hannu, ka jingina nauyinka a hagu, sannan ka lallaɓo da ta daman. Na lura tun ranar da ka dawo daga ƙwallo a filin nan na bayan tashar jirgi ka ce wa Ummanka gajiya ce. Ranar Juma'ar da ta wuce kuma, da za ka sauka daga adaidaita sahu a bakin layinmu, ƙafar ta sake ka, ka yi wuf ka kama ƙarfen, sannan ka hau lalube aljihu wai wayarka kake nema. Wayar tana hannunka na hagu, Abba. Ina zaune a dakalin Malam Modu ina kallonka.

Aikin da ka samu kuwa hawa rufin gidajen mutane ne da farantan sola a kafaɗa, ta kan tsani. Ƙafar da ta sake ka a bakin titi za ta iya sakin ka a matakin tsani na goma sha biyar. Wannan tunanin ne ya zaunar da ni da biro, ni da rabona da rubutu mai tsawo har na manta.

Ka taso ka ga ina ɗingishi kaɗan, ka ga yadda nake miƙe ƙafa gefe in na zauna tahiya, amma ban taɓa ba ka labarin yadda aka yi ba. Ba wani abu ya hana ni ba illa wautar da ke cikinsa tawa ce daga farko har ƙarshe.

Lokacin kana goye, ni ɗan dako ne a Kantin Kwari. Ba awon yadi na fara da shi ba kamar yadda ka sani. Yadda aikin yake, kowane shago da ɗan dakonsa. Kai ne za ka sauko da dila daga sito a saman bene, kai za ka kai wa baƙon da ya yi sari kayansa har gindin mota. In ka yi kwana uku ba a gan ka ba, wani ya maye gurbinka, kuma ba mugunta ba ce, kaya ba sa jira. Sannan muna da wani abin alfahari a tsakaninmu: dila ba ta taɓa ƙasa. Ko me ya same ka, ka kai ta inda za ka ajiye ta da mutunci. Wanda ya yar da dila sai ya yi wata guda ana yi masa dariya a wajen mai shayi.

Wata ranar damina ina saukowa da dilar shadda a ka, matakalar ta jiƙe da sawun mutane. Tafin ƙafata ya kafe a mataki ɗaya, jikina kuma ya juya da nauyin kayan. Na ji ƙas a cikin gwiwa, da kunnena na ji. Wani zafi ya taso mini har tsakiyar kai. Amma ban saki dilar ba, na cije na sauko da ita har ƙofar shago. 'Yan'uwana suka yi ta cewa, "Sule namiji ne." Wannan yabon ya fi komai cuta ta a ranar.

Kafin La'asar gwiwar ta yi suntum. Na yagi ƙyallen yadi na ɗaure ta tamau a ƙarƙashin wando, na biya kemis na sayi ƙwayar kashe zafi. Da safe in haɗiye biyu, da rana in ƙara biyu, in ci gaba da hawa bene. Ummanka ta tambaya, na ce mata targaɗe ne. Alhajin da nake yi wa dako kuwa ko alama ban bari ya gani ba, in zan wuce ta gabansa sai in daidaita tafiya, in na sha kwana in dafa bango in yi nishi. Haka na yi wajen mako shida. Ƙafar takan sake ni jefi-jefi, in ce santsi ne.

Rannan a fili, ba bene ba santsi, ina tsakiyar layin 'yan atamfa da dila a ka, gwiwar ta lanƙwashe kamar an zare mata wani abu. Na zube, dilar da nake ta tsaron mutuncinta ta faɗa cikin kwata. Wannan karon ban iya tashi ba, a kurar dakon kaya aka turo ni bakin titi. Da Alhaji ya zo duba ni ya ji tun yaushe abin ya faru, sai ya riƙe baki ya ce, "Haba Sule, da ka faɗa mini ai da na zaunar da kai a kan awo har ka warke. Ni na ce maka ba ni da imani?" Ka ji fa. Abin da nake gudu har na ƙarasa ƙafata, ashe ba zai ma faru ba. Ban ce maka kowane ubangida haka yake ba, akwai marasa tausayi. Amma ni ban ba mutumin damar nuna halinsa ba, na yanke masa hukunci a zuciyata. Kada ka yi wa shugabanka na aiki haka. Ka faɗa masa gaskiya, ka bar shi ya nuna nasa halin.

Wauta ta biyu ita ce na kwanta na zama gonar kowa. Duk wanda ya shigo dubiya da maganinsa a baki. Wannan ya ce sanyi ne, wancan ya ce jini ne ya taru, wata tsohuwa ta ce na taka abin da aka binne wa wani. Aka kira wanzami ya yi mini tsaga ya kafa ƙaho, tabon yana nan ka sha ganinsa. Da ba a ga sauƙi ba aka kawo mai ɗori, ya ja ƙafar har na kira sunan mahaifiyata, ya jera mata kara ya ɗaure, ya ce kada in kuskura in motsa ta. Ba zagin masu ɗori nake yi ba, na ga waɗanda suka karye suka tashi a hannunsu. Amma ni ƙashina bai karye ba. An yi ta gyaran abin da lafiyarsa ƙalau, abin da ya lalace yana can ciki ba wanda ya san da shi.

Kusan wata uku ina kwance a tabarma, Ummanka tana ɗinkin hula tana ciyar da mu, ba ta taɓa yi mini gori ba, Allah Ya saka mata. Ranar da aka kwance karan na dubi ƙafar na rasa ta wace ce. Cinyar ta tsotse, gwiwar ta sandare, ba ta miƙewa sosai ba ta kuma lanƙwasuwa. Saboda haka ka riƙe wannan: kafin ka yarda a yi maka kowane irin magani, a fara sanin mene ne ya lalace. Abokan aikinka za su kawo maka man zafi, wani zai ce yana da mai ja a ƙauyensu. Ka yi musu godiya, ka tafi inda za a duba cikin gwiwar.

Ta ukun ita ce wadda har yau in na tuna nake jin nauyi. Na daina zuwa masallaci. Da sanda ina iya kaiwa, ai taku kaɗan ne daga gida. Abin da ya hana ni shi ne kujerar nan ta ƙarshen sahu. A ganina ta tsofaffi ce, ni kuwa ko arba'in ban kai ba, jiya-jiya ake ce mini namiji a Kwari. Sai in rufe ƙofa in yi sallata a zaune a gefen gado. In an yi kiran salla ina jin takun mutane suna wucewa ta bayan tagarmu, zuciyata ta yi ta ƙuna, amma girman kai ya danne ni.

Malam Modu ne ya fasa wannan. Kai ka san shi tsoho mai sayar da huluna, amma a lokacin ƙarfinsa ba ya raga wa kowa. Ya shigo ko zama bai yi ba ya ce, "Sule, mutuwa ka yi ba a sanar da mu ba? In mutuwa ce a faɗa mana mu yi maka sutura, in ba ita ba ce ɗauki hularka." Na fara kawo uzuri, ya ce shi bai zo jin wa'azi ba, ya riga ya tsayar da mota a waje. Shi ya kai ni asibiti. Likita ya lanƙwasa, ya ja, ya tura aka ɗauki hoto. Ya ce wata jijiya da ke riƙe gwiwa daga ciki ta tsinke tun faɗuwar farko, guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan kuma ya yage daga baya, saboda na ci gaba da ɗora masa kaya. Ya ce a fara da sashen gashin ƙashi, in an yi watanni ƙafar ba ta daina saki na ba, sai a yi maganar aikin tiyata.

A can na haɗu da Madam Ebere. 'Yar gajeruwar mata ce, Inyamura, da tabarau da ɗan gicciye a wuya. Ni na shiga ina jiran allura, ko wata na'ura mai ƙara da za a kafa mini. Sai ta naɗe tawul ta sa a ƙarƙashin gwiwata, ta nuna mini in danna shi in ƙirga goma. Daga nan in miƙe ƙafar in ɗaga ta kaɗan in sauke. Daga nan in ja diddige zuwa jikina a kan gado in mayar. Shi ke nan. Ta ce in riƙa yi a gida sau uku a rana. Raina ya ɓaci, na juya wajen Malam Modu na ce, "Ka ɗauko ni tun daga Fagge don a koya mini wasan yara? Matar nan ta san nauyin dila kuwa?" Na ɗauka ba ta ji, don da Turanci ta gaishe mu.

Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Malam Sule, a Sabon Gari aka yanke mini cibiya, Hausar da kake ji ita nake ji. Ban san nauyin dila ba, gaskiyarka. Amma yanzu ƙafarka kaɗai na ce ka ɗaga, kuma ga ta tana rawa." Malam Modu ya yi dariya har da tari. Na duba, wallahi rawa take yi.

Duk da haka ban yi hankali ba. Na koma gida na watsar. In ranar komawa ta zo sai in yi sau biyu da safe don kada a ce ban yi ba, in ta tambaya in ce kullum ina yi. Abin da ban kula ba, tun ranar farko ta auna cinyoyina biyu da tef irin na tela ta rubuta. Da aka yi mako uku ta sake ɗauko tef ɗin, ta zagaya ta hagu, ta zagaya ta dama, sannan ta miƙo mini bakinsa ta ce, "Kai mutumin Kwari ne, karanta da kanka." Inci biyu ta dama ta gaza, daidai yadda take ranar farko, ko ɗigo ba ta ƙaru ba. Ta ce, "In baƙo ya zo ka auna masa yadi uku ka ce biyar ne, ya je gida ya sa tef, me zai kira ka?" Na miƙa mata tef ɗinta. Duk zamana a kasuwa ba a taɓa kama ni da ƙwange ba, sai ga shi an kama ni a kan cinyata.

Sannan ta zauna ta yi mini bayani yadda zan gane. Ta ce jijiyar da ta tsinke ba za ta haɗe da kanta ba, amma naman cinya, na gaba da na baya, in ya yi ƙarfi zai karɓi babban rabo na aikinta ya riƙe gwiwar. Kwanciyar wata uku ce ta cinye naman, kuma ba allurar da za ta dawo da shi. Ta ce, "Ni sau ɗaya nake ganinka a mako. Sauran kwana shidan ƙafar tana hannunka. In ka yi mini ƙarya ni ba abin da zai same ni, da ƙafafuna biyu zan koma gida." Daga ranar ban ƙara tsallake ko sau ɗaya ba. Don haka in sun ba ka motsin da ka raina, ka yi shi yadda aka ce, sau nawa aka ce. In ba ka yi ba kuma ka ce ba ka yi ba. Mutanen nan suna da hanyar ganewa, ka tsira da mutuncinka.

Kuma da yake ubanka ba ya yin abu tsaka-tsaki, da na ga cinyar ta fara cikowa sai na zarce. An ce goma, ina yin hamsin. Har buhun masarar Ummanka na gwada ɗagawa don in ji ko na dawo. Washegari gwiwar ta kumbura, na koma baya da mako biyu. Madam Ebere ta yi mini faɗa kamar ɗan firamare, ta sa na riƙa sayen ƙanƙara ina naɗewa a tawul ina ɗorawa, ƙafar a kan matashi. Ta koya mini bambancin zafi biyu: akwai na nama in ya yi aiki, mai nauyi-nauyi, wanda yake wucewa da hutu, wannan ba laifi. Akwai kuma mai suka a cikin gaɓar, mai zuwa da kumburi, wannan tsayawa ake yi a koma a faɗa. Kai da nake gani ka fi ni gaggawa, to ka kiyaye.

Amma abin da ya sa har in mutu ba zan daina yi wa matar nan addu'ar alheri ba wani ne daban. Wata rana ina kan keken nan nasu da ba ya tafiya, ta tambaye ni, "Me kake so ƙafar nan ta yi maka?" Na ce dako. Ta ce, "Wannan ba zan yi maka alkawarinsa ba. Sai me?" Na tsayar da keken. Can na ce, "Ina so in sa goshina a ƙasa." Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, ni da ko a hannun mai ɗori ban yi hawaye ba. Na faɗa mata wata bakwai rabona da sujada, rabona da masallaci.

Ba ta ce mini sannu ba, ba ta kuma yi kamar ba ta gani ba. Ta ce ta sha ganin ana salla tun tana yarinya, amma ba ta taɓa lura da abin da gwiwa ke yi ba, a nuna mata. Malam Modu ya shimfiɗa rawaninsa a ƙasan ɗakin, ya nuna mata ruku'u, da sauka, da sujada, da zaman tahiya, da tashi. Ta tsuguna tana kallo, tana tambaya, "A nan nauyin yana kan wace ƙafa? Zaman nan yana kai minti nawa?" Sannan ta tsara mini aikin daki-daki. In durƙusa a kan katifa ina dafe da kujera, da babban matashi tsakanin cinya da ƙwauri, in zauna a kansa gwargwadon abin da zan iya. Bayan makonni a canza ƙaramin matashi. Bayan shi tawul a ninke. Ga hawa mataki ɗaya da sauka, ga tsayuwa da ƙafa ɗaya ina riƙe da bango.

Ta kuma kafa mini sharaɗi. Ta ce, "Ka koma masallaci a kan kujera tun yau. Tafiyar nan sau biyar a rana tana cikin maganina. In ka ƙi, ka nemi wata ta duba ka." Na je na sami liman ina kame-kame, ya ce, "Sule, wanda Ya halicci gwiwar Shi Ya yi rangwame ga mara lafiya, kai wane ne da za ka ƙi karɓa?" Ranar da na fara zama a kujerar nan ina ta jiran idanu. Ba wanda ya kalle ni. Wani dattijo ne kawai ya matsa mini, ya ce in jingina sandata a bayan tasa. Wata bakwai na hana kaina jam'i saboda kallon da ba a yi ba.

Sai da na ƙara wata takwas. Wata Azahar na ture kujerar gefe, na bi liman na sauka, goshina ya taɓa tabarma. Abba, ban san me zan ce maka ba. Na ji sanyin tabarmar har cikin raina. Aka ɗago ni ban ɗago ba, sai da na kusa da ni ya taɓa ni. Da na koma na faɗa wa Madam Ebere, ta tafa hannu ta ce, "Mun gode Allah," ta kira abokan aikinta tana nuna ni kamar ɗanta ne ya ci jarrabawa. Ummanka ta zaɓo mata turmin atamfa da kanta, ta ƙi karɓa, sai da Ummanka ta ce in ta ƙi to ta raina mu.

Na gode wa Allah da Ya haɗa ni da mutanen nan: Alhaji da ya mayar da ni kan awo har na kai ga rumfar kaina, Malam Modu, Ummanka, da wannan baiwar Allah. Ba a kai ga yi mini aiki ba, ƙafar ta daina saki na. Amma kada in yi maka ƙarya, ba ta dawo yadda take ba. Dako ya ƙare mini. Bene sai da dabara. In an yi sanyi tana tashi na tun kafin ladan. Likita ya gaya mini ƙarara cewa yawancin wannan ba faɗuwar farko ce ta jawo ba, makonni shidan nan ne da na yi ina ɓoyewa. Kai yanzu kana cikin na uku.

Shekaranjiya na je Kasuwar Sabon Gari sayen fitila na ci karo da Madam Ebere, ta yi ritaya, kanta ya yi fari fat. Ka yafe mini, na ba ta labarin abin da na gani a ƙafarka. Ta ce ba za ta iya sanin ko mene ne ba sai an duba, wataƙila abu ne ƙarami da makonni kaɗan na motsa jiki za su gyara, wataƙila kuma irin nawa ne. Amma ta ce ko wanne ne, gwiwar da ke sakin mutum ba a hawa tsani da ita sai an gan ta. Ta ce in gaya maka inji ta, kuma tana gaishe ka.

To ga abin da nake so, kuma ba shawara ba ce, umarni ne na uba. Kafin ka sa ƙafa a tsanin farko, ka sami shugabanka ka ce masa ka ji ciwo a gwiwa, kana neman a ba ka aikin ƙasa har a duba ka. Ai ka iya haɗa waya da batura, ba hawa kaɗai ka karanta ba. Ka je asibiti ka faɗi komai: ranar da abin ya faru, ko ka ji ƙara, ko ta kumbura, sau nawa ta sake ka. Kada ka rage don a ce kai jarumi ne. Kada ka haɗiyi ƙwaya don ka samu ka hau, ƙwaya zafin take ɓoyewa, ba ta riƙe ƙafa. In sun tura ka gashin ƙashi ka je, in sun ce sai an yi aiki kada ka gudu, ka kira ni.

Na san abin da ya rufe maka baki. Shekara biyu ka yi da takardarka a hannu kana zaga gari. Da aikin nan ya samu, Ummanka ba gidan da ba ta shiga ba a layinmu, har waina ta soya ta raba. Kana ganin in ka buɗe baki suka ce ba sa buƙatar mai ciwo, da wane ido za ka dawo ka kalle ta, ka kalli masu yi maka Allah Ya sanya alheri. Wannan tsoron gaskiya ne, kuma ba zan ce maka ba za su sallame ka ba, don ban san su ba. In sun sallame ka, ka hau mota ka dawo. Ni zan shiga ɗaki in gaya wa Ummanka da bakina cewa ni na sa ka, kuma duk wanda ya tambaya a layi ko a masallaci, ni zan amsa masa, ba kai ba. Zan iya jure ganinka zaune a gida wata shekarar. Abin da ba zan iya jurewa ba shi ne a kira ni a waya da baƙuwar murya a tambaye ni ko ni ne mahaifin Abba.

Allah Ya ba ka lafiya mai ɗorewa, Ya sanya tausayinka a zuciyar waɗanda za ka yi aiki a ƙarƙashinsu, Ya haɗa ka da masu magani na gari kamar yadda Ya haɗa ni. Allah Ya tsare hawanka da saukarka, fitarka da shigarka, Ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Na yafe maka duniya da lahira, Allah Ya yi maka albarka. In ka gama karantawa ka kira ni, ba sai ka yi dogon bayani ba, ka ce mini ka ji kawai.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sule
Fagge, Kano